Hajiya da Manoman Iska

Ɗakin Hajiya yana hawa na biyar a wani tsohon bene a unguwar Harlem ta birnin New York, tagarsa tana kallon yamma. Bayan azahar rana takan shigo ta kwanta a kan bargonta, ta hau bango a hankali, sannan ta fita. A ƙarƙashin tagar akwai ƙarfen ɗumama ɗaki, wanda in sanyi ya yi yakan dinga huci yana ƙwanƙwasa kamar ana daka a maƙwabta. A nan na yi aikin jinya wajen shekarar dubu biyu da goma sha shida, kuma har yau in na tuna ɗakin, hasken nan ne yake fara zuwa mini, da nauyin idon da yake saukar wa mutum.

Ni 'yar Kano ce. Koyarwa nake yi a firamare kafin maigidana, da yake tuƙin tasi a New York, ya ɗauko ni. Da na zo na yi ɗan kwas na kula da tsofaffi a gidajensu, aka tura ni wurin Hajiya saboda ba ta jin Turanci.

Hajiya 'yar zangon Kumasi ce. Ta ƙare ƙuruciyarta tana fataucin atamfa, ta yi gida, ta aurar da 'ya'ya. Babban ɗanta, mai shagon kayan abinci irin namu a kusa da Fordham Road, shi ya kawo ta don ta huta a duba mata hawan jini. Ba ta daɗe da zuwa ba ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Lokacin da na fara zuwa, likitoci sun ce babu abin da zai hana ta magana, amma ba ta yi. In na gaishe ta sai ta amsa da ka. In na kawo koko ta kurɓa kaɗan ta juya fuska bango. Mai koya mata motsa jiki, wata Baturiya doguwa mai fara'a, takan zo ta yi ta lallashi, Hajiya ta sakar mata hannun kamar ba nata ba. Ɗanta da matarsa tun safe suke fita, jikoki suna makaranta, in sun dawo kuma da Turanci suke amsa mata. Yinin duka ni da ita ne.

Ni kuwa ina da inda nake ɓuya. Watanni kaɗan kafin nan na je Canal Street gyaran waya, gilashinta ya tsage. Matar da take tsare shagon, 'yar China mai kamar shekaruna, na ga tana kallon tata wayar tana dariya har da share hawaye. Na tambaye ta ko fim ne. Ta ce a'a, labari ne, irin wanda ake sakawa a intanet kullum babi ɗaya, kuma akwai masu juya su zuwa Turanci don sha'awa kawai. Da aka gama gyaran ita ta buɗe mini shafin a wayata. Ni da na taso ina ɓoye littattafan Hausa a ƙarƙashin tebur ina karantawa a aji, ban yi wata-wata ba. A hanyar komawa gida sai da jirgin ƙasa ya wuce da ni tasharmu.

Duniyar labaran nan kusan iri ɗaya ce. Akwai duwatsu masu tsawo da kawunansu suke cikin gajimare, a kan kowane dutse akwai makaranta. Abin da ake koyo shi ne zama. Mutum ya shiga kogo ya tanƙwashe ƙafa ya rufe ido, yana jan numfashi yana tara wani ƙarfi a cikinsa, shekara da shekaru, har ya hau mataki. Wanda ya hau mataki yakan ƙara ƙarfi da tsawon rai, ya fara tashi sama a kan takobi, in ya ci gaba ya rayu shekaru dubbai. Suna dafa ƙwayoyin magani a tukwane, suna faɗa a kan ganyaye. Kalmar da masu fassara suka zaɓa wa wannan aiki da Turanci, ma'anarta noma. Wasu labaran na yaƙi ne zalla. Ni na ban dariya nake so, waɗanda marubucinsu ya san abin da yake rubutawa ba shi da kai ba shi da gindi, yana kuma jin daɗin hakan.

Wata rana na gyara wa Hajiya kwanciya, na zauna a kujerar gefen taga na ɗauko waya. Na ɗauka barci take. Na zo wani wuri da dariya ta ƙwace mini, na toshe baki da mayafi amma ta fita ta hanci. Sai na ji murya daga gadon, a shaƙe.

“Ke da wa?”

Na ce ni kaɗai ce, Hajiya, labari nake karantawa. Na mayar da ido kan wayar. Can ta ce ai dariya ba naman sata ba ce da za a ci a ɓoye, in ba ta ita ma.

Na rasa ta inda zan fara, don ban taɓa juya irin wannan zuwa Hausa ba. Na ce mata akwai wani saurayi makiyayi da aka ɗauka ya riƙa kai nono wata makaranta a kan dutse. Yana da akuya ɗaya mai ɓarna. Shugaban makarantar kuma yana da wani ganye da ya yi ɗaruruwan shekaru yana jiran ya nuna, ya kewaye shi da tsari iri-iri don kada maƙiya su sace, amma bai yi tunanin akuya ba. Ta shiga ta cinye. Nan take ta haye matakai da yawa, ta wuce yawancin malaman. Dokar makarantar kuwa ita ce na ƙasa ya durƙusa wa na sama, ko wane ne. Saboda haka kullum da safe sai saurayin nan ya durƙusa ya gaida akuyarsa, ya kira ta babbar yaya, kafin ya tatse ta. Dattawa masu gemu har cibiya suna zuwa neman hikima a wurinta, ita kuwa tuƙa kawai take yi tana kallonsu. Da yake shi ya san halinta, sai aka naɗa shi tafinta. In yunwa yake ji sai ya ce babbar yaya ta ce sirrin wannan mataki yana cikin ciyar da na ƙasa. Dattawan su tafi su yi ta nazarin maganar, wani ma har ya hau mataki saboda ita.

Hajiya ba ta yi dariya ba a ranar, amma ta juyo daga bango. Ta tambaye ni me suke nomawa, tunda na ce noma ake kiran aikinsu. Na ce numfashi ne, iska suke tarawa a ciki. Ta ce to manoman iska ke nan. Daga ranar sunan ya bi su.

Haka muka shiga sabon tsari. Da safe a jirgin ƙasa nakan karanta babin ranar, in yi ta juya shi a kaina. In na isa in yi mata wanka, ta karya, mu yi azahar, ita a zaune. Da rana ta faɗo kan bargo sai ta tambayi ina manomanmu suka kwana. Hausarta ta zango ce, ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ko akuyar ma “ya ci” take ce mata, ni kuma tana tsokanata da yadda nake jan magana irin ta Kano. Kalmomin da babu su muka nemo musu na gida. Zaman kogo muka kira shi halwa.

Dariyarta ta farko ta zo ne ranar da aka kama mataimakin shugaba, tsoho mai shekara dubu, ya laɓe a bayan ɗakin karatu yana tauna ciyawa, wai ko zai gane abin da akuyar ta gane. Da rabin baki dariyar ta fito, ɗaya rabin bai bi ba, sai hawaye. Na tashi zan goge mata, ta ture hannuna ta ce in ci gaba.

Dattawan nan su suka fi burge ta. Ta ce ta san su duka. Ta san wanda in ya sha kaye sai ya ce da ma gwada yaron yake yi. Ta san wanda yake shafa gemu yana cewa abin duniya bai dame shi ba, idonsa yana kan tukunyar wani. Ta gan su a kan iyaka sanye da kaki, ta gan su a shugabannin kasuwa, ɗaya ma, in ji ta, ta aure shi.

Wata rana mai koyar da motsa jiki ta zo ta tarar Hajiya ta miƙo mata hannun da kanta, wai tunda akuya ma ta hau mataki ita ba za ta zauna a ƙasa ba. Daga nan matse ƙwallon roba ya zama mataki, riƙe cokali ya zama mataki. Abin ba sauri yake ba, wani makon ma baya yake komawa, ta yi fushi ta ƙi kowa. Amma labarin ya koya mana wani irin haƙuri, don a can mutum yakan yi shekara hamsin a kogo kafin ya ga canji, kuma ba mai cewa ya makara.

A watannin nan ni kaina ban san a wace duniya nake ba sosai. In na fito da safe gajimare ya sauko ya rufe kawunan dogayen benaye, sai in ga kamar akwai masu zama a can sama da ba su san da mu ba. Tururin da yake fitowa daga ramukan titi ya zama na tukwanen magani. A jirgin ƙasa in na ga tsoho ya rufe ido ya haɗa hannuwa a cinya, nakan ce a raina wannan ya kusa hawa. Da la'asar kuma, in ɗakin ya yi ɗumi, nakan yi ta ba da labari har muryata ta yi nisa da ni, in farga in ga Hajiya ta yi barci, ban kuma san ko abin da na faɗa na ƙarshe yana cikin wayar ko ni na ƙara ba.

Ita ma abin ya bi ta cikin barci. Ta farka wata rana ta ce ta je Kumasi. Wai a kan takobi ta je, a tsaye, ƙafafunta biyu duka suna ɗauke da ita. Ta bi ta saman zango tana ganin jajayen rufin kwano, da hayaƙin masu suya, da babbar kasuwa a shimfiɗe. Ta ga layinsu na masu atamfa, kowa yana rumfarsa, har waɗanda suka daɗe da rasuwa, suna ta auna yadi. Ta yi ta kiransu, ba wanda ya ɗaga kai. Ta so ta sauka, sai ta tuna ba a koya mata sauka ba. Na tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta ce ko kaɗan, iska ce kawai mai daɗi, sai dai ɗankwalinta da ya faɗi.

Wata Juma'a ɗanta ya dawo da wuri daga masallaci ya same mu a kai. Ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, da na fito kicin ya biyo ni. Mutum ne mai kunya, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce yana godiya ƙwarai, rabon da ya ji muryar mahaifiyarsa haka tun kafin ciwon. Abin da yake ɗan damunsa shi ne irin labarin, mutane suna neman su ƙi mutuwa. Ya ce tsohuwa ce, ya fi son kunnenta ya cika da abin da zai amfane ta. Ban ga laifinsa ba, don ni ma abin ya taɓa ɗarsuwa a raina. Amma gidan ƙarami ne, Hajiya ta ji mu. Ta kira shi, ya koma ɗakin ya durƙusa.

“Carbina yana ƙarƙashin matashi, ban ajiye shi ba,” ta ce. “Wannan kuwa tatsuniya ce. Wanda ya rubuta ma ya san ƙarya yake yi, shi ya sa ya sa akuya a ciki.”

Ya ce, “To, Mma,” yana murmushi yana kallon ƙasa. Bai sake ɗaga maganar ba.

Sanyi ya yi nisa, labarin ma ya yi nisa, sai ya fara nuna inda ya yage. Hajiya ta riga ni gani, wataƙila don ni da ido nake bi da sauri, ita kuwa da kunne take ji, kunne kuma ba ya tsallake layi. Ta lura duk garin da saurayin ya shiga sai ya haɗu da ɗan wani babba mai raina mutane, ya kunyata shi, uban ya zo ramuwa shi ma ya sha kunya, sannan kakan ya fito daga kogo. Karo na farko ta yi dariya har da tari. Da aka maimaita a gari na gaba ta yi murmushi. Daga baya da na ce wani ɗan babba mai fararen kaya ya tare hanya, sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce in tsallake zuwa kakan.

Na yi ƙoƙarin kare marubucin. Na ce mata mutum ɗaya ne, kullum sai ya fitar da babi ko yana da lafiya ko ba shi da ita, masu karatu suna jira suna rubuta ƙorafi in ya makara. Ta ce ta gane, ita ma ta san mai kokon da in ciniki ya yi yawa take ƙara ruwa.

Abin da ba ta yafe ba shi ne mantuwa. A kowane dutse sai an kawo wata yarinya, a yi ta yabon fuskarta, ta taimaki saurayin, ya yi mata alkawarin dawowa, shi ke nan ba a sake jin ta. Hajiya tana riƙe da su duka a ka, takan tambaye ni ina mai dafa magani, ina 'yar mai kwalekwale. Ni har na manta da su. Akwai kuma uwar saurayin, wadda ta raka shi bakin hanya ta ɗaura masa guzuri ranar da zai hau dutsen. Wata rana na karanta cewa ya shiga halwa ya fito bayan shekara ɗari, a layi ɗaya, kamar an ce ya shiga wanka. Hajiya ta dakatar da ni. Ta tambaya ko an faɗi abin da ya sami tsohuwar. Na duba gaba, na duba baya. Ba a faɗa ba.

Ranar ba ta ce in ci gaba ba. Dusar ƙanƙara tana sauka a hankali a bayan gilashi, irin manyan nan masu kamar auduga, ƙarar titi duk ta lafa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce tun da aka fara labarin take tunanin abin da suke so da shekara dubu. Ita tamanin ma ba ta cika ba, amma waɗanda suka san ta tana yarinya saura ƙanwarta da wata ƙawarta da ta makance.

“In waɗannan suka tafi, kowa Hajiya zai ce mini,” ta ce. “To mai shekara dubu fa, wa ya rage da zai tuna masa ya taɓa yin fitsarin kwance?”

Na yi dariya, ita ma ta yi, muka koma kallon tagar.

Mun ci gaba bayan haka, amma daɗin ya ragu. Saurayin ya yi ƙarfi har ba mai iya tsayawa a gabansa. Ya bar dutsensu ya hau wata duniya ta sama, daga nan ya hau wadda take samanta. Akuyar an bar ta a dutsen farko, marubucin bai ƙara samun abin yi da ita ba. Ban dariyar ma ta koma ta mai ƙarfi yana tsokanar wanda bai kai shi ba. Sai aka zo wani babi da mutanen wani gida suka zage shi, ya ɗaga hannu ɗaya ya shafe su duka, da tsofaffi da barori da jarirai, sannan ya yi barkwanci a kan tokar da ta ɓata masa riga. A ƙasan babin masu karatu suna ta murna. Na so in sassauta, na ce ya kore su daga garin. Hajiya ta kalle ni ta ce ba haka aka rubuta ba, ta gani a fuskata. Na faɗa mata gaskiya.

“Ya zama ɗaya daga cikin dattawan nan,” ta ce, “sai dai shi ba a yarda a yi masa dariya ba. Rufe shi haka nan, 'yata.”

Na ji tsoron za ta koma kallon bango. Washegari na zauna hannu rabbana, wayar tana jaka. Can sai ta tambaye ni ko na taɓa haye tafkin Volta. Na ce ko Ghana ban taɓa zuwa ba. Ta ce to in gyara zama.

Ta ba ni labarin shekarun da take kai atamfa arewa, a ɗora motarsu a kan jirgin fito da sassafe. Ta ce lokacin da aka tare ruwan ya cinye dazuzzuka, itatuwan suka mutu a tsaye, sai ka ga jirgi yana ratsa tsakanin rassa farare da suka fito daga ruwa, tsuntsaye a kansu, ba ka jin komai sai injin. Matan da suke fatauci tare sukan yi shiru har a ƙetare, har masu surutun cikinsu. Ta ba ni na lokacin da motarsu ta lalace a wani ƙauye ana shirin biki, ta sayar wa dangin amarya da na ango atamfa iri ɗaya ba wanda ya san na wani, ranar bikin aka fito kamar 'yan makaranta. Ta ba ni na maigidanta, wanda in ta dawo da riba yakan ce addu'arsa ce, in ta dawo da asara ya ce da ma ya yi mafarki. Ta ce ta daɗe tana jin haushin wannan, yanzu kuwa da za a dawo mata da shi na yini ɗaya, ba abin da za ta so ji kamar ya faɗi hakan. Labaranta ba su da tsari, takan fara ɗaya ta faɗa wani, amma ba ta barin mutum a hanya. Ko direban da ya ɗauke su sau ɗaya in ta ambata, sai ta faɗi garin da ya ƙare da wadda ya aura.

Da sanyi ya ja baya ta fara takawa da sanda mai ƙafa huɗu, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa lif, na'urar hawa da sauka bene. Ranar da muka fara sauka ƙasa itatuwan bakin titi sun yi fure fari, iska tana kaɗo shi kan motoci. Muka zauna a benci kusa da wani mai sayar da turare, mutumin Damagaram, wanda da ya ji Hausa a bakinta ya taso ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗiga mata turare a mayafi. Ta zauna tana kallon masu wucewa. Wata bas ta tsaya a gabanmu ta sassauko ƙasa kamar mai rusunawa don wata tsohuwa ta hau, Hajiya ta ce a garin nan mota ma ta san girma. Da muka koma sama ta ce mini ta ga garin, yana da kyau, gida za ta.

Ɗanta bai so ba. Ya kawo maganar asibiti da magani, ya sa matarsa ta roƙe ta, ya sa ni ma. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko ni na yarda da abin da na faɗa. Ita da ɗan nata suka yi ta ja har azumi ya wuce. Bayan ƙaramar Sallah ya haƙura, ya ce shi zai raka ta.

Ranar aikina ta ƙarshe na yi mata kitso na sa mata lalle a hannu biyu, na hagun ta buɗe shi da kanta ta ɗora a gwiwata. Ta yi mini addu'a mai tsawo, da maigidana, da 'ya'yan da ban haifa ba tukuna. Ta tambaya ko har yanzu ina bin manoman. Na ce ina leƙawa. Ta ce ba laifi, sun yi mana rana.

Labarin ban ga ƙarshensa ba. Mai fassarar ya rubuta wata rana cewa ya sami aiki zai ɗan dakata, bai kuma dawo ba. An ce a can China an kammala shi, amma ban nemi sanin yadda ya ƙare ba. Na karanta wasu bayansa, har yanzu ma ina karantawa a bas. Yawancinsu haka suke, a fara da daɗi, a yi ta tafiya har mai ba da labarin ya manta abin da ya fito da shi. Na koyi in sauka tun ana dariya.

Da ganyaye suka fara zuba an mayar da ni wurin wani tsoho a Bronx. Ina cikin bas a Fordham Road sai saƙon murya ya shigo daga lambar Ghana, na kara wayar a kunne. Muryar Hajiya ta fito da ƙarfi fiye da yadda na san ta. Ta gaishe ni, ta tambayi maigida, ta ce jiya ta taka har bakin titi ta sayi gasasshiyar ayaba da kanta, ƙanwarta tana biye da ita da kujera tana mita. Daga nan ta yi sallama, amma ba wanda ya tsayar da ɗaukar, aka ajiye wayar a wani wuri. Ruwan sama yana dukan kwano, ana jera bokitai a ƙarƙashin indararo. Can nesa ina jin ta ita da ƙanwar suna musu a kan wata mata da aka kawo aure layinsu tun kafin a haife ni, ko 'yar Salaga ce ko 'yar Yendi. Ƙanwar ta ce 'yar Yendi ce, da ita aka je ɗauko ta. Hajiya ta ce a lokacin ita ƙanwar ko zani ba ta iya ɗaurawa ba. Suka ci gaba, ruwan yana ƙaruwa har ya rufe muryoyinsu, sannan saƙon ya yanke.